Hawan Dogon Ƙarfen Birnin Faris

A birnin Faris, babban birnin ƙasar Faransa, akwai wata doguwar hasumiya ta ƙarfe. Ana ce mata Hasumiyar Efel. Ba masallaci ba ce. Ba gidan sarki ba ce. Ba a ajiye hatsi cikinta, ba kuma wanda ke kwana can. Mutane ne ke biyan kuɗi su hau bisa, su dubi gari, su sauko. A shekarar 2023 mutum fiye da miliyan 6 suka hau ta. Cikin kowane mutum 4, wajen 3 baƙi ne da suka zo daga wasu ƙasashe.

Manomin da ya ji haka zai ce: to, me ake samu can bisa har da biyan kuɗi? Tambayarsa tana bisa hanya. Ga yadda hawan yake, tun daga gindi har ƙoli.

Girmanta

Tsawon hasumiyar mita 330 ne. Wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san hasumiyar babban masallacin garin. Ita tsawonta mita 27 ne, kuma daga nesa matafiyi ke hango ta. Sai an ɗora irin ta Agadas guda 12, wannan bisa wannan, kafin a kusa cimma ta Faris.

Ƙafafu 4 gare ta, sun buɗe kamar na raƙumi mai shan ruwa. Daga wannan kusurwa zuwa waccan mita 125 ne. Filin da ta tsaya bisansa ya fi hekta ɗaya da rabi, watau gonar gida guda ke nan. Ƙarfen da ke jikinta ya kai tan 7,300. In da hatsi ne, buhu 73,000 ke nan, kowane mai kilo 100.

Kafin a shiga

Yawancin baƙi jirgin ƙasa na cikin gari ke kawo su. Da mutum ya fito tasha, tun bai kai gindin hasumiya ba, masu talla za su tare shi. Suna riƙe da ƙananan hasumiyoyi na ƙarfe, an tsira su a zobe kamar mabuɗai. Da yawa cikinsu ƴan Afirka ta Yamma ne, musamman Senegal. Hukuma ba ta yarda da wannan tallar ba. Shi ya sa suke shimfiɗa kayansu bisa ƙyalle mai igiya. Da sun hango ƴan sanda, sai su ja igiya, ƙyalle ya zama ƙunshi, su ruga. Saurayin da ke mafarkin ƙetare hamada da teku don ya kai Turai, ya kamata ya san cewa wannan na cikin aikin da ake tararwa can.

Akwai kuma ƴan sane. Duk inda baƙi suka taru suna kallon sama, aljihunsu ba mai tsaro. Baƙo mai wayo yana sa kuɗinsa da takardunsa cikin riga, ba a aljihun baya ba.

Da, kowa na iya ratsawa ƙarƙashin hasumiyar kamar yadda ake ratsa kasuwa. A shekarar 2018 aka kewaye ta da bangon gilashi mai kauri da shingen ƙarfe, saboda tsoron masu kai hari. Yanzu sai ta ƙofa. Ana buɗe jaka, ana binciken mutum. Ba a shiga da wuƙa, ko ƴar ƙarama ce. Makiyayin da bai saba rabuwa da wuƙarsa ba, sai ya bar ta masauki.

Sai maganar tikiti. A watan Yuni na 2024 aka ƙara kuɗin hawa. Babban mutum mai son kaiwa ƙoli da inji ya koma biyan yuro 35 da ƴan kai, watau jika 23 da wani abu na kuɗin sefa. Mai hawa da ƙafa ya tsaya bene na biyu kuwa ya koma biyan wajen jika 9 a lokacin. Yara na biyan ƙasa da haka, ɗan da bai kai shekara 4 ba kuwa kyauta ne. Kuɗi ne masu yawa. Mai gida da matarsa da ɗiyansu, in suka hau tare, abin da za su kashe cikin awa biyu ya isa sayen akuya.

Wanda ya sayi tikitinsa tun da wuri ta intanet, ana rubuta masa rana da lokaci. Wanda bai saya ba sai ya bi layi. Lokacin hutun Turawa, watannin Yuli da Agusta, layin na iya cin awa ɗaya ko biyu.

Da ƙafa ko da inji

Bene ukku ne ake tsayawa. Na farko yana mita 57 daga ƙasa. Na biyu yana mita 115. Na ukku, wanda shi ne ƙoli, yana mita 276. Abin da ya rage bisansa sandunan radiyo da talabijin ne, baƙo ba ya zuwa can.

Mai ƙarfin gwiwa na iya hawa da ƙafa har bene na biyu. Matakala 674 ce. Mutumin da ya saba yini yana noma ba za ta gagare shi ba, cikin rabin awa ko fiye kaɗan ya kai. Amma matakalar a waje take, tsakanin ƙarafa. Iska na bugun mutum, yana kuma ganin ƙasa na nisa da shi ta tsakanin ƙafafunsa. Wasu ba gajiya ke tsai da su ba, jiri ne.

Sauran mutane na shiga wani ɗaki na ƙarfe da gilashi mai hawa da sauka. Faransawa na ce masa asansar. Da yake ƙafafun hasumiyar a karkace suke, ɗakin ma a karkace yake tafiya, kamar mai hawan tudu. Biyu daga cikin injinan tun 1899 aka kafa su. An yi ta gyaransu, amma dabarar farko tana nan: ƙarfin ruwa ke tura su. Daga bene na biyu zuwa ƙoli kuwa wasu ɗakunan ne, masu tafiya tsaye cak. Biyu-biyu aka haɗa su, kamar guga biyu a igiya guda. In wannan na hawa, wancan na sauka, nauyin ɗaya na taimakon ɗaya.

A bene na farko, tun 2014, an shimfiɗa gilashi a wani gefen daɓen. Mutum na takawa yana ganin kawunan mutane can ƙasa. Gilashin na da ƙarfi ƙwarai, amma zuciya ba ta yarda da sauri ba. Yara na tsalle bisansa suna dariya. Manya ne ke sa ƙafa ɗaya su janye.

Abin da ido ke gani

Bene na biyu ya fi daɗin kallo. Daga nan ana rarrabe abubuwa. Ga kogin Sen ya ratsa gari ya yi gwiwa, jiragen ruwa na bi ƙarƙashin gadoji. Gada 37 ce bisa kogin cikin birnin kaɗai. Ga rufin gidaje, dubbai, kusan duka launin toka, don da kwano aka rufe su. Ga wata babbar ƙofar dutse da hanyoyi 12 suka haɗu wurinta kamar turakun shanu a bakin rijiya. Ga wata farar majami'a bisa tudu wajen arewa. Ga kuma tsohuwar majami'ar Notre-Dame a tsakiyar kogi, wadda gobara ta ci rufinta a watan Afrilu na 2019, aka sake buɗe ta a Disamba na 2024.

Manomi in ya tsaya nan, abin da zai fara lura da shi shi ne abin da babu. Babu gona. Babu rumbu ko ɗaya. Babu garke. Mutum fiye da miliyan 2 ke cikin birnin, in aka haɗa da kewaye sun kai miliyan 12, kuma kowa na cin abinci kullum. Cimakarsu daga ƙauyuka da wasu ƙasashe take zuwa, cikin kamiyo da jiragen ƙasa. Kudu da birnin akwai wata babbar kasuwar abinci, sunanta Rungis, an buɗe ta a 1969, faɗinta ya fi hekta 200. Tun cikin dare take ci. Duk ƙyalƙyalin da baƙo ke kallo daga bisa, in manomi bai shuka ba, masu shi ba su kwana da komi a ciki.

Wajen gabas, ba nisa, akwai wata ƙubba mai ruwan zinariya da babban fili gabanta. Filin nan na da labarin da ya shafi Afirka. A shekarar 1889 Faransa ta yi babban bikin baje koli, don cikar shekara 100 da juyin mulkinta na 1789. Don bikin nan aka gina hasumiyar, ita ce ƙofar shiga. A wancan filin kuwa aka kafa bukkoki, aka kawo mutane wajen 400 daga ƙasashen da Turawa suka mallake, har da Senegal da Gabon. Aka zaunar da su cikin bukkokin, Turawa na zuwa kallonsu kamar yadda ake kallon kura a hannun gardi. A lokacin Faransawa ba su kai ga Damagaram ba tukuna. Sai bayan shekara 10, a 1899, suka shige ta da bindiga. Yau jikokin waɗanda aka kalla na sayen tikiti su hau su yi kallo, in suna da kuɗin.

Ƙoli

Daga bene na biyu zuwa ƙoli tafiyar ba ta kai minti 2 ba. Kunne na toshewa. Mutanen da ke surutu cikin ɗakin sai su yi shiru.

Ƙolin hawa biyu ne. Na ƙasa rufe yake da tagogi. Na bisa a buɗe yake, an kewaye shi da ragar ƙarfe. Wurin ba faɗi, mutane na gugar juna, kowa na ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Iska na da ƙarfi, sanyi ya fi na ƙasa. Ko da rani ne, baƙon da ya fito ƙasar zafi ya riƙe rigar sanyi.

Daga nan motoci sun koma tururuwa. Mutum kuwa ɗigo ne. Ranar da sama ta yi garau ana hangen wajen kilomita 60, kamar tsakanin Damagaram da Mirya sau ukku. Amma ba kullum ba ne. Lokacin sanyi hazo na rufe ƙolin, irin yadda ƙurar hunturu ke rufe gari. Mutum ya biya kuɗin tikiti, ya hau, ba ya ganin komi sai fari fat. Ba a maida masa kuɗinsa saboda hazo. Don haka mai hankali yana ɗaga kai ya dubi ƙolin tun yana ƙasa. In bai gan shi ba, can bisa ma ba zai ga ƙasa ba. Wani lokaci kuma, in iska ta yi yawa ko ƙanƙara ta kama ƙarfe, ana rufe ƙolin ɗungum.

A jikin bango an rubuta sunayen manyan biranen duniya, da inda kowane yake fuskanta, da nisansa. Baƙi na neman na ƙasarsu. Ɗan Nijar in ya juya kudu, Yamai tana can gabansa, kusan kilomita 4,000, bayan teku da hamada.

Akwai wani ɗan ɗaki da ake leƙawa ta gilashi. Ofishin mai ginin ne, Gustave Eiffel, wanda hasumiyar ta ci sunansa. An sassaƙa siffarsa da kakin zuma, da ta ɗiyarsa, da ta Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙire-ƙirƙire da ya ziyarce shi can a 1889.

Hasumiyar na motsi, ko da baƙo bai ji ba. In iska ta taso, ƙolin na rausaya santimita kaɗan. In rana ta yi zafi, ƙarfe na miƙewa, tsawonta na ƙaruwa har wajen santimita 15. Gefen da rana ke bugu ya fi miƙewa, sai ƙolin ya ɗan kauce wa rana. Maƙeri ba zai yi mamakin wannan ba.

Aikin maƙera

Mai kallon gari yakan manta abin da yake tsaye bisansa. In ya sunkuya ya dubi ƙarfen da ya dafa, zai ga kawunan ƙusoshi jere, kamar an shuka su.

An fara aikin a watan Janairu na 1887, aka gama ranar 31 ga Maris na 1889. Shekara 2 da wata 2 da kwana 5 ke nan. Injiniyoyi biyu na kamfanin Eiffel, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, su suka fara zana ta. Gutsattsarin ƙarfe 18,038 aka haɗa. Kowane an auna shi, an huda shi tun a maƙera, bayan gari, kafin a kawo shi da keken doki. Ƙusa miliyan 2 da rabi ta riƙe su.

Ƙusoshin da aka buga a wurin ginin, kowace sai da mutum 4. Na farko na gasa ta a wuta har ta yi ja wur. Na biyu na ɗaukar ta da awartaki ya sa cikin huda, ya riƙe. Na ukku na daidaita kanta. Na huɗu na dukan ta da masaba. In ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan biyu gam. Haka suka yi ta yi, suna hawa da ƴan murahunsu, cikin iska da sanyin ƙanƙara. Ma'aikatan da ke wurin ba su wuce 300 ba. A jikin bene na farko an rubuta sunayen masana 72 da manyan haruffa. Na masu masaba babu shi cikinsu.

Ba kowa ya so ta ba. Tun ana haƙa tushe, a 1887, wasu marubuta da masu zane suka sa hannu a takarda, suka ce za ta ɓata kyan birnin. Izinin da aka ba Eiffel ma na shekara 20 ne, bayansa ana iya kwance ta. Abin da ya cece ta shi ne radiyo. Tun 1898 aka gwada aika saƙo ba da waya ba daga ƙolinta. Soja suka ga amfanin tsawonta, sai aka bar ta. Ta riƙe sunan gini mafi tsawo a duniya har 1930, sa'ad da wani bene a birnin New York na Amurka ya wuce ta.

Tsatsa

Abokin gabar hasumiyar ba iska ba ne, ba tsawa ba ce. Tsatsa ce. Mai rumbun ƙasa ya san in bai yi yaɓe ba kafin damana, ruwa zai ci rumbun. Mutanen Agadas ma haka suke sake yaɓe hasumiyarsu, itatuwan da suka fito jikinta su ne matakin magina. Yaɓen ta Faris fenti ne.

Kamar kowace shekara 7 ake sake shafa ta. Kowane shafi na cin fenti wajen tan 60. Jikin da ake shafawa, in an shimfiɗa shi ƙasa, hekta 25 ne. Da hannu ake yi, da buroshi, kamar zamanin Eiffel. Masu shafin na rataye da igiya a ƙugu, suna bin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, suna kankare inda ya ci, suna shafawa. Baƙon da ya lura zai iya hango su ta cikin raga, da hulunan kwano, ƙasa na can nesa ƙarƙashinsu. Launinta ya sha canzawa. Da fari ja ce, an taɓa yi mata rawaya, daga 1968 ta daɗe da launin ƙasa.

Shafi na 20 an fara shi a 2019, ya kuwa zo da wahala. Da aka kankare tsohon fenti, sai dalmar da ke cikinsa ta fito. Dalma guba ce, ƙurarta na cutar mai shaƙa. Dole aka tsai da aiki, aka sake shiri don kare ma'aikata. Ga kuma cutar korona, wadda ta sa aka rufe hasumiyar wata da watanni a 2020 da 2021. Baƙi ba su zo ba, kuɗi bai shigo ba, tsatsa kuwa ba ta yi hutu ba.

Hasumiyar mallakar birnin Faris ce, wani kamfani na birnin ke tafiyar da ita. Yawancin kuɗin gyaranta daga tikitin baƙi yake fitowa, kuma hukumar birnin na karɓar rabonta ciki. A watan Fabrairu na 2024 ma'aikatan hasumiyar suka yi yajin aiki. Kwana 6 ƙofa na rufe, baƙin da suka zo daga nesa suka tsaya bayan gilashi suna kallon sama. Babban kukan ma'aikatan shi ne rabon da birnin ke ɗauka ya yi yawa, abin da ake bari don gyara ya yi kaɗan. Bayan wata 4 aka ƙara kuɗin tikiti da kashi 20 cikin 100. Watau cikin jika 23 da baƙo ya biya, akwai ladan mai buroshi.

Saukowa

Saukowa ma sai da layi. Wanda ya gaji da jira na iya sauka bene na biyu ya bi matakala. Gwiwa ce ke shan wuya, amma a nan ne ake ganin ƙirar da kyau, yadda kowane ƙarfe ya tokare ɗan'uwansa, iska na wucewa ta tsakani ba ta samun abin turewa.

Baƙi da yawa ba sa tafiya sai dare ya yi. Suna ƙetare gada su zauna hayin kogi, su juyo suna kallonta. Da almuru ake kunna mata wuta, ta koma launin zinariya. A kan kowace awa kuma wasu fitilu 20,000 na ƙyaftawa tsawon minti 5. Da, sai ƙarfe ɗaya na dare ake kashewa. A watan Satumba na 2022, da wutar lantarki ta yi tsada a Turai, hukumar birnin ta sa aka riƙa kashe fitilun tun ƙarfe 12 saura kwata. Masu tallar ƙananan hasumiyoyi kuwa suna nan bakin gada har baƙo na ƙarshe ya wuce.